Kunnuwan Gidan Arie

Kowace safiya, kafin a buɗe shagon kifin da ke kallon teku a garin Katwijk, Krijna takan tsaya gaban gilashin da ake jera kifi, ta ja baki kamar mai murmushi. Abokan aikinta sun ɗauka dubawa take ko gilashin ya gogu. Masu wucewa a kan keke, in sun hango ta, sukan ɗaga mata hannu. Amma murmushin ba na kowa ba ne. Inuwar fuskarta take kallo, ta ga ko gefen bakinta na hagu ya ɗaga daidai da na dama. In sun yi daidai sai ta mayar da bakin, ta ɗaura rigar roba, ta ɗauki wuƙa.

Ta fi shekara talatin tana wannan dubawa. Jira take cutar gidansu ta zo mata.

Shekarunta hamsin da huɗu, doguwa ce, ba ta da yawan magana. Aikinta gyaran kifin haring: ta sare kai, ta tsaga ciki, ta zare ƙaya, ta bar wutsiya yadda mai ci zai riƙe ya dangwala a albasa. Hannunta ya san aikin har ba ta buƙatar kallo. Kullum da hula a kanta, ta ja ta har kan kunnuwa, ko da ana zafi.

A garin suna kaɗai ba ya nuna mutum, don yawancin mazan ko Arie ne ko Dirk, sunayen dangi kuma 'yan kaɗan ne suke ta zagayawa. Laƙabi ake bi. Su Krijna, tun kakan kakanta, gidan Kunnuwa ake ce musu, saboda kunnuwansu manya ne, a buɗe, kamar hannayen tukunya. Suna kuma cikin gidajen da cutar ke bi. Likitocin birnin Leiden da sunan garin suke kiranta, abin da mutanen garin ba sa so ko kaɗan. Su dai “cutar” kawai suke cewa, shi ma da ƙaramar murya. Sau da yawa ba a ma ambatonta. A ce wane ya faɗi, kowa ya gane. Mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, ya wuce arba'in da biyar bai kai sittin ba, sai jijiya ta tsage a kansa, jini ya zuba a ƙwaƙwalwa.

Babanta, Arie na Kunnuwa, a jirgin kamun kifi ya yi ƙuruciyarsa, da jiragen suka ragu ya koma rumfar gyaran raga. Ya faɗi wata Asabar yana wanke keke a lungun bayan gida. Lokacin Krijna tana da shekara goma sha tara, ƙaninta Floor yana da sha biyar. Su biyu ne kaɗai 'ya'yan.

Uwarsu, Neeltje, ta dawo daga asibiti ta zauna a teburin kicin ba ta ko cire kwat ba. Kaka, wato uwar Arie, tana zaune a gefen murhu.

“Likita ya ce ana gado,” in ji Neeltje. “Ya ce rabin 'ya'ya.”

“Sai da likita za ki san wannan?” Kaka ta ce. “Ni na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, ga na uku a kwance. Duk masu kunne. Ɗana da ya ɗauko ni, mai ƙaramin kunne, ga shi can yana zuƙar taba kamar bututun jirgi, ko mura ba ya yi. Kunne take bi, 'yar nan. Tun can da kunne take bi.”

Neeltje ta kalli Floor, wanda ya ɗauko ta sak, da 'yan kunnuwansa a manne da kai. Sannan ta kalli Krijna. Ba ta daɗe tana kallon ba. Lissafin ba shi da wuya: 'ya'ya biyu, rabinsu ɗaya, ga kuma mai kunne a tsaye da butar kofi a hannu.

Ba a taɓa gaya wa Krijna baki da baki ba. Ta gane ne da uwar ta daina yi mata faɗa, ta kuma riƙa zuba mata tsokar kifin da ta fi kyau.

Aka dawo da Arie gida, aka sa gadonsa a ɗakin gaba, jikin taga, yadda ake wa marasa lafiya, ya riƙa ganin titi, masu wucewa su ɗaga masa hannu. Shekara bakwai ya yi a gadon nan. Jinin bai tsaya a zuba ɗaya ba, kuma kowace zuba da abin da take tafiya da shi. Ta farko ta ɗauki hannu da ƙafa. Wata ta ɗauki karatu, ya riƙa riƙe jarida a kife. Daga ƙarshe sunaye suka tafi, yakan kira Krijna da sunan yayarsa da ta daɗe da rasuwa. Ita ke juya shi, ita ke aske masa gemu. Tana yi tana lura da komai, kamar wadda ake zagayawa da ita gidan da za ta tare.

A cikin shekarun nan ne Leendert, mai gyaran kekuna, ya nemi aurenta. Sun hau tudun yashi da la'asar, iska tana kaɗawa daga teku.

“Ka ga babana,” ta ce.

“Na gan shi. Ai ba shi nake nema ba.”

“Shi za ka samu, nan da shekara ashirin da 'yan kai. Ka je ka nemi mai ƙaramin kunne.”

“Haba Krijna. Ni kunnen nake so. In iska ta taso ina da abin riƙewa.”

Ba ta yi dariya ba. Ya ɗan jira ko za ta sake shawara, sannan ya auri wata. Har yau yana zuwa shagon ran Asabar, ya sayi kifi, ya tambaye ta aiki, ta ce da godiya.

Floor kuwa ya tashi kamar wanda aka sauke wa kaya. Direban babbar mota ya zama, yana kai furanni Jamus. Mai faɗin murya, mai son zolaya. “Yaya Kunne” yake ce mata a gaban kowa, kuma shi kaɗai take ƙyalewa. Da ya kawo Jacomien gida, 'yar wani ƙauye na can cikin ƙasa, ashe yarinyar ta ji ƙishin-ƙishin a kan gidan. Ta yi ta maza ta tambayi Neeltje kai tsaye.

“Kwantar da hankalinki,” in ji Neeltje. “Floor ba shi da ita. Ba shi ne ya ɗauka ba.”

Krijna tana wurin, tana yanka kek. Ta miƙa wa Jacomien nata yankin, ta tambaye ta ko tana son madara a kofi.

A wajen lokacin ne aka fito da gwajin jini da ke nuna ko mutum yana ɗauke da cutar. Wasu a garin sun je a ɓoye. Da yawa ba su je ba, wasu don tsoro, wasu sun ce ranar mutum a hannun Ubangiji take, ba a leƙe. A gidan Kunnuwa ba a ma ga dalilin zuwa ba.

“Me za su gaya min?” in ji Krijna. “Ina da madubi.”

“Ni ma ba mai tsira min allura a banza,” in ji Floor, yana jan kunnensa. “Duba nan. Na ɓera ma ya fi shi.”

Ba za a ce Krijna ta yi zaman baƙin ciki ba. Tana zuwa aiki, tana zuwa coci safe da yamma ran Lahadi, tana saƙa wa 'ya'yan Floor rigunan sanyi. Abin da ba ta yi shi ne fara abin da zai daɗe. Ba ta koyi tuƙi ba. Da mai shagon ya so ya damƙa mata shagon ta riƙa gudanarwa, ta ce ya ba wani. An ba ta ɗan kwikwiyo ta mayar, ta ce kare yana daɗewa. Igiyar nan da ake zurowa ta ramin wasiƙa don maƙwabta su ja su buɗe ƙofa, wadda duk layin sun daina sawa tun da daɗewa, ita tata tana nan tana lilo. In kanta ya yi ciwo takan wanke kwanuka, ta sa tufafi masu tsabta, ta zauna a kujera ta jira. Sai ciwon ya wuce, ta tashi.

Gab da rasuwarta, Neeltje ta riƙe hannun Krijna ta ce, “Wa zai kula da ke in ta zo?”

“Floor.”

“Floor? Wanda ko ƙwai bai iya dafawa ba?”

“Zai koya.”

Bayan jana'iza ta ci gaba da zama a gidan ita kaɗai. Ba ta sake fenti ba. Ɗakin gaba kuma ta bar shi kusan fanko, don ta san na wa ne.

Ta cika arba'in da biyar. Ta kai arba'in da takwas, shekarun da babanta ya faɗi. Ta haye hamsin. Duk ranar zagayowar haihuwarta dangi kan taru a gidan Floor, a zauna a zagaye, kofi da kek a kan gwiwa, kuma duk wanda ya zo taya ta murna sai ya ɗan ƙara matse hannunta fiye da yadda ake yi. Ita dai takan ce ta gode.

Ran Lahadin da abin ya faru suna coci da safe. Fasto ya kai tsakiyar wa'azi, lokacin da alewar minti ke bin benci daga hannu zuwa hannu. Floor ya zaro ɗaya zai ba Krijna, alewar ta suɓuce, ta gangara ƙarƙashin bencin gaba. Ya juyo zai yi mata murmushinsa na rashin ji. Gefe ɗaya na bakin ya ɗaga. Ɗayan bai ɗaga ba.

Ita ta fara gani, kuma nan take ta gane. Ba ta yi ihu ba. Ta miƙe a tsakiyar wa'azi, abin da ba a yi, ta ce da ƙarfi, “A kira motar asibiti.” Mutanen da ke kusa suka juyo. Duk ita suka zuba wa ido, suna jiran ta faɗi.

Floor bai mutu ba. Shekarunsa hamsin. Bayan 'yan kwanaki wata likita mai furfura a goshi ta zaunar da Jacomien da Krijna a wani ƙaramin ɗaki, ta nuna musu hoton cikin kansa. Ban da babban tabon sabon jinin, akwai baƙaƙen ɗigo-ɗigo ko'ina, kamar an barbaɗa masoro.

Ta yi bayani a hankali. Ƙwaƙwalwar kowa, in ji ta, kullum tana ƙera wani furotin, tana yanyanka shi, ragowar kuma a wanke ta a fitar ta gefen ƙananan jijiyoyin jini. A danginsu akwai ɗan kuskure guda a ƙwayar gadon da ke ba da umarnin ƙera furotin ɗin. Sai ragowar ta fito da danƙo. Maimakon ta wuce sai ta manne a bangon jijiya, yau kaɗan gobe kaɗan, shekara da shekaru, ba ciwo ba alama, har bangon ya yi gautsi. Ɗigon nan duk wuraren da suka riga suka yi yoyo ne. Na Floor ya daɗe yana taruwa.

Krijna ta tuna bututun wajen wanke kifi a shago, yadda ɓawo da maiƙo ke kama cikinsa. Ba ta faɗa ba.

“An yi kuskure,” ta ce. “Ni ce mai ita.”

“An gwada ki ne?”

“A'a. Mu biyu ne. An ce rabi. Ni na ɗauko babanmu.” Ta ɗaga gefen hularta.

Likitar ta kalli kunnen, ba ta yi dariya ba. Da alama ba ranar ta fara jin irin wannan ba.

“Malama Krijna, kunne hanyarsa daban, cutar nan hanyarta daban. Kuma rabin da aka ce, ba raba 'ya'ya ake yi ba. Kowane ɗa da nasa, kamar a jefa kwabo sama, a ɗauka a sake jefawa. Tana iya kama duka biyun, tana iya tsallake duka biyun.”

“To ni fa?”

“Ban sani ba. Kin kawo waɗannan shekaru lafiya, alama ce mai kyau. Amma na ga waɗanda ta jira har kusan sittin. Jini ne kaɗai zai faɗa.”

Da suka fito haraba Jacomien ta tsaya.

“Yarana biyu, su ma tana iya kama su,” ta ce, ba tare da ta kalli Krijna ba. “Kina tsaye a wurin uwarku tana gaya min ba shi da ita. Kina yanka kek.”

“Ina tsaye.”



A gari kuwa lissafin juyawa kawai ya yi. Matan da suka shekara talatin suna yi wa Krijna kallon tausayi suka riƙa shigowa shago suna sassauta murya. “Sannu da jinya. Amma ke kin tsira ke nan, ko? Tunda shi ya ɗauka.” Gijsje ce ke amsa musu, abokiyar aikinta tun suna 'yan mata, gajeriya mai kaifin baki.

“Kifi kika zo saya ko duba? In duba ne ba ma yi ran Talata. Guda nawa, da albasa ko babu?”

In sun fita sai ta juyo kan Krijna. “Ke kuma kin tsaya kamar sandar fitila. Ki ce musu wani abu mana.”

“In ce me?”

“Ki ce su ci kifinsu su ba mu wuri.”

Aka mayar da Floor inda ake koya wa masu shanyewar jiki tafiya da magana. Maganar ta dawo, a karkace, a hankali. Ƙafar hagu da hannun ba su dawo ba. Da lokacin sallama ya matso, Jacomien ta zo gidan Krijna da rana. Ta ƙi zama.

“Yaya, zan yi magana, kar ki ce ba ni da kunya.”

“Yi.”

“Gidanmu ba zai yiwu ba. Kin san matakalar nan, ko mai ƙafa biyu da baya yake saukowa. Ɗaki a sama, banɗaki a sama. Ni kuma dole in fita aiki, yanzu ni kaɗai ce. Sun ce ko a samu gida mai ɗaki a ƙasa da mai zama da shi kullum, ko su ba shi gado a gidan tsofaffi.” Ta nuna ƙofar ɗakin gaba da haɓa. “Ga ɗaki. Ga ki, kin san jinyar nan ciki da waje.”

“Ku kawo shi. Zan bar shagon.”

“A'a. Ba haka ba.” Jacomien ta girgiza kai. “Ba zan kawo shi in kwantar ba, wata rana ina wurin aiki ki zo ɗaga shi ki faɗi a kansa, in dawo in same ku ku biyu a ƙasa. An taɓa gaya min magana a gidan nan na yarda. Ba zan sake yarda da kunne ba. Ki je a gwada ki. In ba ki da ita, ya zo nan. In kina da ita, sai gidan tsofaffi, ni zan gaya masa da bakina.”

Krijna ta kalli ƙofar. Ɗakin nata ne, ta daɗe da sanin ta inda za a sa gadon. Ta lalubi ranta ko za ta samu fushi, ko tsoro. Ba ta samu ba.

“To,” ta ce.

Ran Lahadi ta je ganin Floor. Yana kan keken guragu a jikin taga, an ɓalle masa maɓallan riga a karkace. Ta tsuguna ta gyara.

“Yaya Kunne.” Kalmomin ɗaya-ɗaya suke fitowa, kamar ana jan su da igiya. “Na riga ki. Ki yi... haƙuri.”

“Kullum kai ne mai gaggawa.”

“An ce za ki je... allura.”

“An ce.”

“Kar ki bari su kai ni... gidan tsofaffi. Na taɓa kai musu furanni. Kowa ya haura tamanin. Da safe ana waƙa... ana tafi.” Ya ɗaga hannun da ke aiki, ya kalli ɗayan a kan cinyarsa. “Ni da me zan tafa?”

Ya yi dariya, miyau ya gangaro ta gefen bakin. Ta zaro hankici ta share, ta ninke ta mayar aljihu.

“Ba a hannuna yake ba, Floor.”

“Na sani,” ya ce. “Amma ki yi... ƙoƙari.”

Ba a gwada mutum ranar da ya zo. Sai da wata mata ta zauna da ita ta yi ta tambayoyi: ta shirya ji? Wa za ta gaya wa? Me za ta yi in amsar ba ta yi daɗi ba? Krijna ta ce abin da take yi tun da shi za ta ci gaba. Matar ta tambaye ta me za ta yi in amsar ta yi daɗi. Krijna ta gyara hularta, matar ta wuce tambayar. Aka ɗebi jini a 'yar kwalba, aka ce ta dawo bayan wasu makonni, kuma kar ta zo ita kaɗai.

Makonnin suka wuce kamar sauran. Ta gyara kifi. Ta je coci ta zauna a bencinsu, gefenta ba kowa. Ta yi ƙoƙarin roƙon amsa mai kyau saboda Floor. Kalmomin suka fito daidai, amma kamar wani take karanta wa.

Gijsje ce ta raka ta. A bas ɗin Leiden bakinta bai huta ba: ciwon gwiwarta, maƙwabciyarta mai shanya ran Lahadi, surukinta da bai iya buga ko ƙusa ba. Krijna tana kallon shanu ta taga.

“Ke, kina ji na kuwa?”

“Ina ji.”

“Me na ce?”

“Surukinki.”

“Wannan ai kullum shi nake cewa. Kin ci sa'a.”

Likitar mai furfura ba ta bari sun gama zama ba. “Labari mai daɗi ne,” ta ce. “Ba ki da ita.”

Gijsje ta fashe da kuka, tana dukan cinyar Krijna. “Kin ji? Ke kurma, kin ji abin da ta ce? Duk waɗannan kunnuwan?”

Krijna ta ji. Tana kallon kwalin takardar share hawaye da aka ajiye a tsakiyar tebur, an ɗan zaro ta sama don ta yi sauƙin ja.

“Tun yaushe?” ta ce.

“Na'am?”

“Tun yaushe ba ni da ita?”

Likitar ta ce, “Tun ranar da aka haife ki. Ƙwaƙwalwarki irin furotin ɗin kowa take ƙerawa. Wannan cutar dai ba za ta same ki ba. Kuma 'ya'yanki ma ba za su...” Ta duba takardar gabanta, ta tsaya.

“Ba ni da su.”

“Na gani. Ki yi haƙuri.”

“Ba komai.”

Likitar ta ce wasu in sun ji irin wannan amsa sukan rasa murnar, wasu ma su ji kamar sun yi wa ɗan'uwansu laifi, kuma akwai wadda za ta iya zuwa su yi magana duk lokacin da ta so. Krijna ta ce ta gode. Ta taimaka wa Gijsje ta nemo safar hannunta da ta faɗa ƙarƙashin kujera.

A tashar bas Gijsje ta face hanci, ta dube ta sama da ƙasa.

“Kakarki ta haura casa'in, ko? To ke ma haka za ki yi, na rantse. Na shiga uku, shekara arba'in zan ƙara ina kallon wannan fuskar. Zo mu je in saya miki kek mai kirim, babba, mu ci da hannu.”

“Bas zai wuce.”

“Ya wuce mana! Akwai wani a bayansa. Ke yanzu me za ki yi da duk shekarun nan?”

Krijna ta yi ƙoƙarin hango su. Ba ta ga komai ba, kamar teku ranar da ba a gane inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Bas ya zo, suka shiga.

A babban kantin da ke bakin kasuwa Jacomien ke aiki, a teburin biya. Krijna ta shiga layi hannu rabbana, bayan wani tsoho mai kwandon gwangwanaye. Da layi ya zo kanta, Jacomien ta ɗago ta gan ta, hannayenta suka tsaya cak.

“Ku kawo shi,” in ji Krijna.

“Kin tabbata?”

“Likita ta ce.”

Jacomien ta rufe ido. Ta daɗe a haka. Da ta buɗe, idanun sun yi ja amma ba hawaye.

“Sa'arki, Yaya,” ta ce, ba da mugun nufi ba. “Ran Juma'a za su iya kawo gadon. In na tashi zan je in gaya masa. Zai ce a sa talabijin ta inda yake gani, kar ki biye masa, wuni zai yi yana zagin 'yan ƙwallo.”

“To.”

Wata mata a baya ta yi gyaran murya. Krijna ta matsa ta ba ta wuri.

Ta biya ta shago ta gaya wa mai shagon daga mako mai zuwa ya nemi wata. Ya fara magana, ta ce an gode, ta fita. Iska ta ɗan taso, yashi yana gudu a kan titi. A gida ta rataye kwat, ta cire takalmi, ta tsaya a tsakar kicin. Agogo bai kai biyar ba. Ta ɗebo dankali a kwano, ta zauna ta feraye shi, ta wanke, ta zuba gishiri, ta ɗora a wuta.